Talo-talo da Masa a Bradford

Jego ne ya kai ni Ingila a watan Disamba na 2023. 'Yata ta fari, wadda ke aikin jinya a Bradford, ta sauka a ƙarshen Nuwamba, kuma tunda ba ta da halin zuwa gida wanka, sai wankan ya bi ta can. Kafin in bar Zariya ta ishe ni da waya a kan magana guda: Umma, ban da kilishi, ban da dambun nama, ban da man shanu. Dokar ƙasar ta hana matafiyi daga irin ƙasashenmu shiga da nama ko wani abu da aka yi da nono, komai ƙanƙantarsa, in kuwa 'yan kwastan suka gani, ƙwacewa za su yi. Mai jego babu man shanu! Haka na haƙura, na cika jaka da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kanwa, yajin jego, yajin ƙuli, garin kunu, da tsohon kaskon masata na ƙarfe, wanda 'yan gidanmu suka yi ta dariya wai zan kai wa Turawa kayan tarihi.

Daga Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Abuja, daga nan jirgin sama ya yi sa'a shida da 'yan kai ya sauke mu a Heathrow. Surukina na tsaye yana jira da wata jibgegiyar rigar sanyi a hannu, ya miƙo mini kansa a ƙasa. Muka ratsa Landan ta ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar King's Cross, muka kama jirgin Leeds, tafiyar sa'a biyu da ɗoriya, daga Leeds kuma minti ashirin zuwa Bradford. Na so in ga ƙasa ta taga, amma kafin ma mu fita Landan dare ya rufa, alhali biyar ba ta yi ba. A wannan wata, a arewacin Ingila, rana ba ta leƙowa sai bayan takwas na safe, kuma kafin huɗu ta faɗi. Azahar, La'asar da Magariba duk suna cushe cikin sa'a huɗu. Wanda bai taɓa tsayawa gaban tukunya ba ba zai gane nauyin wannan ba.

Bradford gari ne na dutse, gidaje a jere manne da juna, hayaƙin da ya yi baƙi da su tun zamanin masaƙun ulu bai gama wankuwa ba. Daga tagar ɗakina ina hango doguwar hasumiyar hayaƙi ta masaƙar Lister a unguwar Manningham, ginin shekarun 1870, yanzu an mayar da wani ɓangarensa gidajen kwana. Masaƙun nan ne suka jawo mutanen Pakistan a shekarun 1950 da 1960, akasarinsu daga yankin Mirpur, inda madatsar ruwa ta Mangla ta tashi garuruwa. Jikokinsu ne yau ke riƙe da shagunan nama da na kayan miya. A ƙidayar 2021 Musulmi sun ɗan haura kashi 30 cikin ɗari na mutanen gundumar. Don haka naman halal bai zama abin nema da fitila ba, kuma wannan ya sauƙaƙa mana rabin aikin da zan ba ku labarinsa.

Washegarin saukata na shiga kicin, in ana iya kiransa kicin, don mutum biyu ba sa gilmawa sai ɗaya ya karkace. Ina ɗora kunun kanwa sai idona ya faɗa kan wata takarda manne a ƙofar firji. An ja mata layi-layi, daga 22 ga Disamba har 2 ga Janairu, kowace rana da gidanta: karin kumallo, na rana, na dare, mutum nawa za su ci, wa ke aiki a asibiti, me za a fitar daga firiza da daddare. A gidan 25 ga wata an rubuta 12, an zagaye da jan biro. Na ce wannan fa? Ta ce Umma, tsarin abincin hutun Kirsimeti ne. Na ce yau ko sati ɗaya watan bai yi ba, kin san abin da za ki ci ran 29? Ta ce in ban sani ba yanzu, ran 29 ɗin biredi za mu ci.

Na yi shekaru ina koyar da 'yan mata tattalin gida a makarantar sakandare, na sha zana musu irin wannan jadawali a allo, amma gaskiyar magana ban taɓa ganin gidan da ake bin sa ba. A wurinmu girkin Sallah ko na suna ba a yi masa ƙidayar kai. Ana auna shinkafa da tiya, a ƙara ta baƙo, a ƙara ta almajiri, a ƙara ta wanda Allah zai kawo. In gishiri ya ƙare a aiki yaro. In aiki ya yi yawa, matan maƙwabta na nan da wuƙaƙensu. Da farko na ɗauka zaman Turai ne ya koya wa yarinyar ƙididdiga irin ta marowata. Da na zauna na ga yadda garin ke tafiya, sai na gane dole ce uwar na ƙi.

Tun 2004 akwai doka a Ingila da Wales da ta hana manyan kantuna, waɗanda faɗinsu ya wuce murabba'in mita 280, buɗewa ranar Kirsimeti. Jiragen ƙasa ba sa tashi a ranar, washegari ma ƙalilan ne ke motsi. A shekarar da na je kuma, 24 ga wata ta faɗo Lahadi, ga shi wata dokar ta 1994 ba ta yarda manyan kantuna su wuce sa'a shida a ranar Lahadi ba, don haka ƙarfe huɗu na yamma aka ja ƙofofi. Masu sayayya ta intanet kuwa, tun watan Oktoba da Nuwamba suke rububin kama ranar da motar kanti za ta kawo musu kaya. 'Yan ƙananan shagunan unguwa na buɗewa, musamman na 'yan Pakistan, amma madara da biredi da albasa ne, ba abin da zai ciyar da taro ba. Ƙara da cewa makarantu na hutun kusan sati biyu, yara na gida bakinsu bai hutawa, babu 'yar aiki, babu yaron aike, murhu mai kai huɗu ne, obin ɗaya, firji ɗaya. Shi kuma maigidan likita ne, tun watanni aka raba musu wa zai kwana a asibiti wace rana. Ya samu yinin 25, amma da dare zai koma.

Na san akwai mai karatun da tun ɗazu ya ɗaure fuska: me ya haɗa gidan Musulmi da girkin Kirsimeti? Ni ma na tambaya. Surukina ya ce, Mama, ba bikin muke yi ba. Ranar Sallah sau da yawa ni ina ɗakin tiyata, ita tana kan aiki, yaro na makaranta. Wannan ce rana ɗaya a shekara da ƙasar gaba ɗaya ke tsayawa, kowa na gida. Akwai Musulmin garin da ba sa ko ɗora tukunya ta musamman a ranar don gudun kamanceceniya, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ni da na tashi a Tudun Wada, duk Disamba sai langar shinkafa da kaza da cincin ta shigo mana daga maƙwabtanmu Kirista da abokan aikin mahaifina na Wusasa, mu kuma ran Babbar Sallah mu aika da cinyar rago, ban ji abin ya yi mini baƙo ba.

Wadda ta buɗe mini ido a kan yadda su masu abin ke shirinsu ita ce tsohuwar da ke gidan da ke jikin namu. Baturiya ce, ta haura saba'in, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya na can kudu da iyalinsa. Sun raba shekara da surukansa: bana Kirsimeti a gidan iyayen matar, sai 26 ga wata su zo wurinta. Wato ranar 25 ita kaɗai za ta wuni, shi ya sa 'yata ta sa ta cikin sha biyun nan. Turancinta na Yorkshire, yankin da Bradford take ciki, sai na kasa kunne sosai nake kamawa, amma mun saba da wuri, don mace ce mai son kicin.

Wata rana ta kira ni shan shayi, ta ɗauko wani littafi da bangonsa ya sha maiƙo. A ciki take rubuta kowace Kirsimeti tun aurenta: nauyin talo-talon da ta saya, wa da wa suka zo, ƙarfe nawa ya shiga obin, me ya yi saura, wa ba ya cin me. Wata shekara ta rubuta cewa dankali bai isa ba, shekarar da ta biyo ta ƙara kilo guda. Ina buɗe shafuka ina ganin adadin mutane na hawa, daga biyu zuwa uku zuwa tara, sannan ya fara gangarowa. Ba ta ce komai a kai ba, ni ma ban ce ba.

A wurinta na ji cewa shirin yana farawa tun Nuwamba. Akwai wata Lahadi, ta ƙarshe kafin makonni huɗun da coci ke jiran Kirsimeti, wadda a shekarar ta kama 26 ga Nuwamba. A ranar ake kwaɓa wani baƙin alkaki nasu mai nauyi, na busasshen inabi da kitsen sa da garin biredi da kayan ƙamshi, kowa a gida ya karɓi muciya ya juya, a turara shi sa'o'i, a ajiye ya yi wata guda yana tsumuwa. Akwai barasa a ciki, ranar ci ma a kwarara masa wata a kunna wuta. Wannan na ɗanta ne. Mu kuwa ta yi mana kek dabam, wanda maimakon barasa take ɗiga masa ruwan lemo da baƙin shayi duk mako don kada ya bushe, ta kuma nuna mini kwalin man da ta sa don in karanta da idona. Ban roƙe ta ba. Shekarun da ta yi tsakanin Musulmi ne suka koya mata.

Ita ce kuma ta ba ni tarihin talo-talo, da alfahari, don 'yar wajen Bridlington ce, wani gari a Yorkshire. Tsuntsun asalinsa na nahiyar Amurka ne, kuma ana cewa wani mutumin Yorkshire, William Strickland, shi ya fara shigo da shi Ingila a shekarun 1520. Da aka ba shi tambarin gida a 1550, talo-talo ya ɗora a kai, kuma a cocin ƙauyensu Boynton abin ɗora Littafi Mai Tsarki siffar talo-talo aka sassaƙa masa, ba ta gaggafa ba yadda aka saba. Amma ta ce a yarintarta ba kowane gida ke iya sayensa ba. Dinya ko naman sa ko kaza ake ci, sai bayan shekarun 1950 da aka fara kiwonsa da yawa ya sauko ga talaka.

Namu tun farkon wata aka ba mahauci kafin alƙalami. Wani dattijo ne mai jan gemu a Manningham, yana da littafin da yake rubuta sunan mai oda da nauyin da yake so, a ba ka lamba ka zo ka karɓa ran 23. Kilo shida 'yata ta ce. Na tambayi kuɗin, na fara juya shi zuwa naira a zuci, na ga zan ɓata wa kaina rai, na bari. A shekarar kowa kukan tsada yake, don a watan Maris hauhawar farashin abinci a Birtaniya ta haura kashi 19 cikin ɗari, abin da ba a gani ba cikin shekara arba'in da wani abu. Abin mamaki, a makon ƙarshe sai manyan kantuna suka karya farashin karas da dankali da kabeji, jaka guda ba ta kai kwabo 20 na kuɗinsu ba. Ba tausayi ba ne. Sun san wanda ya shigo don karas ba zai fita sai da amalanke cike ba.

Kayan namu na gida sai da muka je Leeds, kasuwar Kirkgate, wata rufaffiyar kasuwa mai rufin ƙarfe da gilashi, inda Michael Marks ya kafa teburinsa na kayan kwabo-kwabo a 1884, teburin da ya zama babban kamfanin kantunan nan na Marks & Spencer. A rumfunan 'yan Afirka da 'yan Karibiyan na samu attarugu, tattasai, doyar Gana, agada da manja. Na ga zoɓo tuli a buhu, na yi mamakin masu sayensa da yawa haka a garin sanyi. Mai rumfar ta ce mutanen Jamaika ba sa Kirsimeti sai da shi, da citta da kanumfari suke dafa shi, sak yadda muke yi, sai dai wasunsu na ƙara barasa. Na sayi mai yawa. Shinkafar tuwo babu, amma akwai wata gajera mai danƙo da Turawa ke dafawa da madara, ita 'yata ke masa da ita, kuma ba laifi.

A kan takardar firji ne muka yi gardamarmu ta farko. Ni a tsarina, masa ba ta tafiya sai da miyar taushe, tsire kuma sai da yajin ƙuli. Ta sa biro ta soke su daga ranar 25, ta mayar 27. Cikin baƙin akwai abokiyar aikinta 'yar Jos da mijinta da 'ya'yansu uku, kuma ƙaraminsu jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. Na ce sai a zuba masa wani abu dabam. Ta ce Umma, ba ƙaiƙayi ba ne, maƙogwaro ke kumbura numfashi ya tsaya, uwarsa da allura take yawo a jaka. Cokalin da ya taɓa miyar ya isa. A can doka ta tilasta a fito da sunayen abubuwa 14 irin wannan da baƙin rubutu a jikin kowane kwalin abinci, gyaɗa da riɗi da madara da ƙwai na ciki, kuma kafin ka gayyaci mutum sai ka tambaye shi abin da ba ya ci. Sai na tsaya ina lissafin inda gyaɗa take a girkinmu: mai, kunu, yaji, miya, har dakuwa. Kwana biyu kafin ranar na kwashe duk wani mai gyaɗa na kai ɗakina, mai jego ta koma kunun kanwa zalla, aka wanke tukwane da katakon yanka. Masa kuma aka haɗa ta da miyar alayyafo da kabewa, babu gyaɗa. Ta ci sunanta miya, amma ba taushe ba ce, kuma ba zan ce ita ce ba.

Gardama ta biyu ita ce ta wanka. Da aka kawo talo-talo na tara ruwa da lemon tsami, sai ga ta da jaririya a kafaɗa: hukumar kula da abinci ta ƙasar ta ce kada a wanke ɗanyen naman tsuntsu, don ruwan da ke fantsama shi ke yaɗa ƙwayoyin cuta a kicin, wuta ce kaɗai ke kashe su. Na ce na ji, kuma hujja ce. Amma naman da ban wanke ba ba zai shiga tukunyata ba. Muka yi sulhu: na wanke shi a hankali cikin babbar roba, ba a ƙarƙashin famfo ba, sannan na bi wurin da ruwan zafi da sabulu tana tsaye tana kallo. Na soke shi ko'ina da wuƙa, na cusa masa citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari, albasa da gishiri har ƙarƙashin fata, ya kwana biyu a ƙasan firji. Tsohuwa ta ce su man shanu da ganye mai ƙamshi kawai suke shafawa. Na ce shi ya sa nake jin ana ƙorafin ƙirjinsa na zama kamar auduga a baki.

Lissafin ranar ita ta yi mana shi, kuma daga baya ake farowa. Ƙarfe nawa za a zauna? Biyu, bayan La'asar, lokacin 'yan Jos sun dawo coci. To talo-talo mai kilo shida, a wuta mai digiri 180, minti 40 ne kowane kilo, sa'a huɗu ke nan. Yana buƙatar hutawa a rufe bayan an fitar, don ruwansa ya koma jikinsa, kuma a wannan hutun ne obin ke samun sarari. Don haka tara zai shiga, ɗaya ya fito, a ƙara wuta, dankali ya shiga da karas da wani farin karas mai zaƙi. Minti ashirin na ƙarshe na wani ƙullin fulawa da ƙwai da madara ne da ake zubawa cikin mai mai tafasa, ya kumbura ya yi rami a tsakiya, abin alfaharin Yorkshire, kuma haram ne a buɗe obin yana ciki. Kawunan murhu huɗu ma an raba: ɗaya na dafa-duka, ɗaya na miya, ɗaya na ƙananan kabejin nan 'yan dunƙule-dunƙule masu ɗaci-ɗaci da romon gashi, ɗaya na kaskon masa. Abin da ba ya cikin teburinmu shi ne tsiren alade da suke naɗewa da wani naman aladen, da kitsen dinya da suke gasa dankali da shi. Man zaitun muka sa.

Ƙullin masa ne ya so ya ba ni kunya. Na markaɗa tun daren 24, amma kicin ɗin sanyi ƙalau, da asuba na duba ko motsi bai yi ba. Na naɗe robar da bargo na jingina ta da hitar falo, na sa maigidana, jikan nan nawa ɗan shekara shida, gadi. Kafin tara ya sheƙo: Kaka, yana numfashi! Daga nan ban ƙara zama ba. Azahar ta same ni a kan kasko, La'asar ta zo ina kwashe dankali. Surukina ya soka wani ƙarfen awon zafi a cinyar tsuntsun, ya ce ya wuce digiri 75, ya nuna. Ni da na saba gane nama da ido da hanci sai na yi shiru, amma na tsaga gefe na duba ruwan, fari tas.

Ƙarfe biyu saura minti biyar aka ƙwanƙwasa. 'Yan Jos ne da kular farfesun kayan ciki da cincin, muka gaisa da Hausa har da tambayar sanyi, ta durƙusa tana Mama sannu da aiki. Sai ɗalibai biyu na jami'ar garin, ɗaya Bakatsine ɗaya ɗan Maraɗi, waɗanda ɗakunan kwanansu suka zama kufai tun da hutu ya fara. Sai tsohuwa da kek ɗinta da wasu 'yan kwalaye dogaye da mutum biyu ke ja su fashe da ƙara, hular takarda ta faɗo. Kowa ya ɗora tasa, ni ma aka ɗora mini a kan ɗankwali. Aka haɗa teburi biyu, aka aro kujeru daga gidanta. Ta ci masa uku da cokali mai yatsu, ta tambayi yadda ake sa ta yi laushi a ciki. Ɗan Maraɗi ya ɗanɗana jan miyar 'ya'yan itace mai tsami da zaƙi da suke ci da naman, ya ajiye cokali a hankali ya jawo yaji. Ƙananan kabejin, duk da na soya su da albasa da attarugu bayan tsohuwa ta tafasa, rabinsu ya dawo. Ƙarfe uku ta roƙi a kunna talabijin don jawabin Sarki Charles, na biyu tun hawansa, al'adar da kakan mahaifiyarsa George na Biyar ya fara ta rediyo a 1932. Minti goma ne. Yana gamawa ba da jimawa ba aka shimfiɗa darduma don Magariba, baƙinmu Kirista suka ja yara kicin suna tattara faranti.

Akwai abin da ban gaya wa 'yata ba sai da ta buɗe tukunya. Ita kofi takwas na shinkafa ta rubuta, ni kuwa na zuba abin da hannuna ya saba, ya kusa ninki biyu. A raina, ranar da gari duk ke hutu, ƙamshi na fita ta taga, ai dole wani ya faɗo: abokin ɗalibai, maƙwabci, mai wucewa. Na kasa kunne ga ƙofa har dare. Ba wanda ya taɓa ta. Sha biyu aka rubuta, sha biyu suka zo, ban da jaririyar da ba ta san ana yi ba. Na leƙa titi wajen ƙarfe shida, gidaje duk fitilu masu walƙiya, kowace taga da mutane a ciki, amma titin babu ko kare. Duk abin da na gani a ƙasar, sanyi da duhu da tsada, babu wanda ya tsaya mini a rai irin wannan. Tsarinsu na aiki ne domin ba mai zuwa sai wanda aka kira, kuma wanda ba a kira ba, ba shi da ƙofar da zai tura. Ban ce nasu ya fi ba, ban ce namu da ake zubar da rabin tukunya ya fi ba, amma na san wanda zan iya tsufa a cikinsa.

Shinkafar ba ta yi asara ba. Ƙa'idarsu ita ce dafaffiyar shinkafa kada ta wuce kwana ɗaya a firji, sauran abinci kwana biyu, in ba haka ba sai firiza. Muka cika kula biyu, surukina ya tafi da su asibiti wa masu aikin dare, waɗanda a cewarsa yawancinsu a irin wannan dare 'yan Najeriya ne da Indiya da Filifin, don su ke karɓar aikin ranar su bar wa masu bikin. Ɗalibai ma kowa ya tafi da roba.

Kwanakin da suka biyo baya, takardar ta riga ta san makomar kowane ƙashi. Ran 26 Turawa kan soya ragowar dankali da kabeji wuri guda su ci da sanyin nama, mu ma muka gwada, da ƙwai da attarugu ya fi shiga. Da hantsi muka ɗauki mota zuwa tsaunin Ilkley, fili ne fetal na duwatsu da gajeriyar ciyawa, iska kamar ta ɗauke mutum, ga jama'a da karnukansu an fito taka ƙafa don abinci ya faɗa. Dusar ƙanƙarar da jikana ya yi mini alkawari ba ta zo ba, shekarar ruwa da iska aka yi. Muka ci biredi da naman talo-talo a cikin mota, da shayi mai citta a fulas. Ran 27 gyaɗa ta dawo daga gudun hijira, na yi taushe ta gaske da tuwon shinkafa, na aika wa tsohuwa, ita kuma ta aiko da ragowar kek da wani farin cuku na Wensleydale, ta ce a Yorkshire tare ake cin su. Na yi tsaki a zuci, na gutsura, na ƙara. Ƙasusuwan suka zama farfesun mai jego da daddawa da yajin jego ran 28, tsokar da ta rage na daka ta na yi dambu, wanda ɗan Maraɗi ya ji labari ya zo, amma sai da ya bugo waya tukuna.

Da aka yi arba'in a farkon Janairu na fara shirin komawa. Azumi na tafe a watan Maris, 'yata kuma hannu biyu ne da ita ga yara biyu. Na sa surukina ya sayo ƙananan robobi masu murfi da yawa, na kwana biyu ina miya: kuka, kuɓewa, taushe, jar miya, kowace roba cin mutum uku, a jikinta sunan miya da ranar da aka dafa. Ƙullin ƙosai ma na markaɗa na ɗaura a leda-leda. Firizarsu ta cika, sauran robobi goma sha ɗaya tsohuwa ta karɓa ta ajiye a tata, bisa sharaɗin biyu daga cikin na taushe nata ne.